Gurbi na Bakwai a Takardar Boko

Ni mutum ne mai komawa ya taɓa ƙofa bayan ya kulle ta. Wannan halin ne ya sa aka ɗauke ni aikin ƙidaya a Kankia, duk da iyakar karatuna aji bakwai na firamare. Babban akawun ofishinmu, wanda muke kira oga, ya ce ya gwammace mai tsoron kuskure da mai sauri. Amma kullum in na shigo sai na wuce samari 'yan sakandare a bencin waje, suna jiran ranar da kujera za ta samu.

Shekarun nan ne da arzikin man fetur ya sa aka ce za a kai makarantu ƙauyuka. Kafin a gina, sai an san inda yara suke. Aka ba ni garuruwa uku, Rimaye da Bauranya da Boko, na bi su gida gida a kan keke. Kowane gida yana da layi guda a kwance, kowace tambaya kuma tana da gurbi guda a tsaye. Gurabe bakwai ne. Na bakwai shi ne yawan yaran gidan da suka isa shiga makaranta. Ban da wannan, kowane gari yana da takardar sama, wadda ake ɗorawa a kan sauran. Ita ba ta maganar gidaje, sai sunan gari, da wani ɗan akwati a kusurwar dama inda ake rubuta irin makarantar da ke garin, ko allo, ko Islamiyya, ko boko, sannan hatimin mai unguwa.

A Boko aikin ya so ya tsaya. Mutane suka ce ba a ƙirga wa baƙo 'ya'ya. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne malamin allo na garin, kuma manomi. Shi ya tsaya bayan sallar la'asar ya ce wannan ɗan 'yar'uwarsa ne, in an ƙirga yara za a kawo makaranta, kuma shi ya ba da gefen gonarsa ta bakin hanya a gina. Da muka keɓe ya ce mini, "Na ara maka bakina. Ka maido mani da shi yadda ka amsa."

Na cika komai, na duba sau uku. Sannan na yi abin da ba wanda ya sa ni. Don kada takardu su watse a hanya a rasa na wane gari ne, na bi kowace takarda na sake rubuta sunan garin da fensir a kusurwar dama. Aka kwashe su zuwa Zariya, inda aka ce akwai inji mai ƙwaƙwalwa da zai haɗa lissafin.

Can cikin damina, gero ya fara fitar da kai, wata ranar Alhamis da hantsi, sai ga mota daga Zariya. Wanda ya zo da sakamakon wani dogon mutum ne mai tabarau, shi ke rubuta wa injin umarni. Ya sauke takardu masu faɗi a naɗe, masu ramuka a gefe. Oga zai sa hannu a kansu, motar ta koma ƙarfe biyar, daga nan a fitar da jerin garuruwan da za a yi wa gini. Aka ce in raba takardun gari gari.

Ban iya riƙe takarda ban ƙirga abin da ke cikinta ba. Bauranya gurabe bakwai. Rimaye shida. Boko shida. Na sa rula na sake bi. Shida.

Na matsa kusa da mutumin Zariya. "Yallaɓai, me ya sa wasu bakwai ne, wasu shida?"

Da alama ya ji daɗin tambayar. Ya zaro wani kati mai ƙananan huji daga aljihunsa ya nuna mini. "Malam akawu, ni na gaya masa haka. Duk abin da kuka rubuta, a kan irin wannan katin ake huda shi. Kafin injin ya zana jadawalin gari, sai ya fara leƙa katin takardar sama. In ya ga akwai makarantar boko, ba ya buɗe gurbi na bakwai, don hedimasta yana da rajistar yaransa. In babu, sai ya buɗe. Duk garin da ya fito da bakwai, shi ke shiga jerin gini."

"In takardar sama ta faɗi abin da ba haka ba fa?"

"Ai shi ba ya zuwa ƙauye ya duba. Abin da aka huda masa ya sani."

Na ce to. Rimaye na gane, akwai firamare a can. Amma a Boko ko allon bango babu. An dawo mana da takardunmu na asali a cikin kwali, sai na yi kamar ina shirya su, na zaro takardar saman Boko. A cikin akwatin kusurwa rubutuna ne da biro, "allo". Dab da shi, har wutsiyar baƙin farko ta shiga cikin akwatin, rubutuna ne da fensir, "Boko". Mai huda kati a Zariya bai taɓa jin akwai gari mai wannan suna ba. Ya ga allo da boko a akwatin makaranta, ya huda biyun.

Na zauna da takardar a kan cinyata. In na yi shiru ba wanda zai sani, don ba wanda ke ƙirga gurabe sai ni. Jeri zai fito ba Boko, mutane su ce gwamnati ce ta saba, kuma su riƙa kallon Kawu a masallaci. In na yi magana, ga benci a waje. Oga ya riga ya sa hannu a kan Bauranya, yana lasar yatsa yana buɗe ta Rimaye. Na tashi, na koma na zauna. Na sake tashi.

"Ranka ya daɗe, kada ka sa hannu a ta Boko."

Bai ɗago ba. "Me kuma ka gano, sarkin dubawa?"

Na ajiye takardar a gabansa, na sa yatsa a kusurwar. Ya daɗe yana kallo. Mutumin Zariya ya leƙo ta kafaɗarsa, ya cire tabarau, sai dariya ta kama shi har ya dafa tebur. Oga bai yi dariya ba.

"Wa ya ce ka rubuta suna a nan?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Don kada su ɓace ne."

"To ga shi ka ɓatar da garin gaba ɗaya."

Na tambayi mutumin Zariya ko sai an sake ƙidayar. Na san mutanen Boko ba za su buɗe mini ƙofa karo na biyu ba. Ya ce a'a, yaran suna nan a cikin katunan gidaje, an huda su, injin ne kawai aka hana fito da su. Kati ɗaya za a sake, na takardar sama. Amma ba zai taɓa katin ba sai da sabuwar takarda mai hatimin mai unguwa, don ba a gyara takarda mai hatimi da gogewa. Kuma ƙarfe biyar zai tashi, da ita ko ba ita.

Oga ya jefo mini makullin babur ɗin ofis. "In ka dawo mu yi maganarka."

Sau biyu kacal na taɓa tuƙa babur ɗin, kuma duk biyun keke ya wuce ni. Ranar na murɗa shi. An yi ruwa da asuba, hanyar Kusada da ake bi zuwa Boko duk taɓo ce, takardar tana cikin rigata a naɗe da leda. Sau uku na tsaya na taɓa ƙirjina in ji ko tana nan, kowane tsayi ina jin haushin kaina.

Na iske Kawu a gona, a daidai gefen da ya ba da. Bai shuka komai a wurin ba, ciyawa ce kawai, ga geron maƙwabta ya kai kafaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi komai ban rage ba. Ya jingina da hauyarsa yana saurare.

"Wato wanga inji ya ji sunan garinmu, ya ce mun riga mun yi karatu?"

"Laifina ne, Kawu. Ni na rubuta a inda bai kamata ba."

"Mi ya kai ka rubuta shi sau biyu?"

"Tsoron kuskure."

Ya dube ni, ya dubi filin da ya bari. "Ka ga damina guda na bar ma ciyawa saboda maganarka. Tashi mu tahi, kada mai unguwa ya wuce kasuwa."

Mun same shi yana ɗaura wa jaki mangala. Da ya ji sai an sake hatimi, ya ɓata rai ya ce dama ya san takardar 'yan boko ba ta ƙarewa. Kawu ya ce, "Yaron nan da ya yi shiru da ba wanda ya sani. Ɗauko hatimin." Ya shiga ya ɗauko. Tawadar ta bushe, sai da aka ɗiga mata ruwa. Na hura takardar har ta sha iska, na duba kusurwar dama, babu komai sai "allo".

Na shigo Kankia direba yana ɗumama mota. Mutumin Zariya ya karɓi takardar, ya duba, ya ce, "Malam akawu, ba ka ƙara mana wani abu a gefe ba dai?" Na ce ya juya ta ya gani. Ya sa ta a jaka.

Oga bai kore ni ba, bai kuma ce na tsira ba. Ya ce sai ya ga abin da Zariya ta dawo da shi. Mako uku na yi ina wuce bencin nan ina gaishe su ba na kallon fuskarsu. Ran da takardar ta iso ta hannun direba, oga ya miƙo mini ita ba tare da ya buɗe ba. Na shimfiɗa ta, na sa rula. Bakwai. Na bi layukan da yatsa har gidan Kawu, na ga yaransa uku a gurbin ƙarshe, yadda na rubuta su. Na sake ƙirga guraben daga dama zuwa hagu.

"Nawa?" in ji oga.

"Bakwai, ranka ya daɗe."

Ya sa hannu, ya ce in ajiye fensir ɗina a aljihunsa. Da rani aka sauke bulo a gefen gonar Kawu. Fensir kuwa, na sayi wani tun ran da oga ya karɓe nawa, kuma ban daina rubuta sunan gari sau biyu ba har na bar aiki, sai dai a bayan takarda nake yi.