Hayaƙin Yakaka

Yakaka mai banda, Allah ya jiƙanta, ita ce ta ƙarshe cikin masuntan unguwarmu. Ni Saude, tasowa na yi na tarar da ita tana bandar kifi a bayan ɗakinta, daura da kududdufi, cikin ganuwar Haɗeja. A lokacin gidaje goma sha huɗu ne a unguwar, kusan duk na masunta, duk dangar zana. In ta kwashe banda, sai ta zura akushi ta kafar danga, maƙwabta su ɗanɗana kafin ta kai kasuwa. Haka ta gada wurin uwarta, kuma ba ta taɓa fasawa ba.

Sai hanyar fatauci ta buɗe. Fataken kanwa da na shanu suka riƙa sauka daga Barno da arzikinsu suna sayen gidaje. Zaman gari ya yi wa masunta tsada, ɗaya bayan ɗaya suka naɗe tarunsu suka koma Auyo da Guri. Mu ma albarkacin saƙar babana muka tsira. Kafin shekara goma zana ta zama katanga, bukka ta zama soro, akushin Yakaka ya rasa ta inda zai wuce.

Wanda ya sayi gidan da ke jikin nata wani falke ne, Mala Ari. Kai, mutumin nan da iyayi yake! Ya tayar da katanga har ta fi raƙumi tsawo, sannan ya kai ƙara wurin mai unguwa wai hayaƙin kifi na ɓata masa riguna. Aka ce wa tsohuwa ko ta kashe murhu ko ta tashi kafin sallar layya. To in ta kashe, me za ta ci?

Ɗanta Ya'u ya zo daga Guri ɗaukarta.

"Iya, ki haƙura ki taho."

"A ɗakin nan na haife ka, a nan ubanka ya cika," in ji ta. Amma haka nan ta hau ɗaure kaya.

Ranar bandarta ta ƙarshe na gan ta ta cika akushi da tarwaɗa, ta nufi zauren Mala Ari tana dogara sanda. Wallahi raina ya ɓaci.

"Haba Iya! Mutumin da ya kore ki?"

"Ke dai Saude, baki gare ki. Maƙwabcina ne har ran da na tashi."

Ashe a cikin gidan akwai mahaifiyar Mala Ari, Mairam, da ya ɗauko daga bakin Tafkin Cadi. Tun zuwanta take ramewa, ta ƙi tuwo ta ƙi fura. Da aka buɗe akushi ƙamshi ya doke ta, sai ta fashe da kuka, ta ce da ciyawar fadama aka yi wannan banda, irin ta garinsu. Ta cinye tas.

Washegari da hantsi muka ji ana dukan katanga. Mala Ari ne da kansa, riƙe da gatari, ya huda kafa daidai wucewar akushi. Ya leƙo, kunya ta rufe shi.

"Iya, ki yafe mini. Ki kwance kayan nan, ki hura wutarki."

Shekara bakwai tsofaffin nan suna hira ta wannan kafa, rabi Hausa rabi Barbarci, suna tsegumin unguwa. Mairam ce ta fara rasuwa. Yakaka ba ta daina zura akushi ba, Mala Ari ke karɓa da hannunsa, har ita ma ta bi ta.

Gidanta yanzu wani mai shanu ya saye, ya yi soro. Magina sun so toshe kafar, Mala Ari ya ce kul. Bara na gan shi da furfurarsa tsaye a bakinta da rana tsaka, yana jan numfashi a hankali. Ina kewarta, amma ranar na gane ya fi ni.