Bindigar Soso ta Malam Isufu

Cikin duk shekarun da na yi ina yanka soso, ranar da ba ta barin raina ita ce ranar da matar Malam Isufu ta sauka Faransa. Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ku da kuka shigo atiliye bayansa kuna yawan tambaya me ya sa ba a fita da bushon sai an datse shi, kuma me ya sa Madam, mai wurin, da kanta take ce wa wannan doka dokar Isufu. Ga yadda aka yi.

Bari in fara da aikin, saboda waɗanda ba su san shi ba. Atiliyen namu, wato ma'aikatar, yana Vénissieux a gefen birnin Lyon, bayan manyan ɗakunan ajiya. Muna yanka soson da ake shimfiɗawa cikin akwatuna masu tauri, na kamara, na kayan likita, amma mafi yawa na bindigogin mafarauta da masu wasan harbi. Bindiga ba ta shigowa wurinmu. Mai ita yakan kai ta shagon masu sayar da bindigogi, a kwantar da ita kan kwali, a zagaye ta da alƙalami, a aiko mana zanen. Mu kuma mu ɗora zanen kan baƙin soso, mu bar tazarar yatsu biyu daga bakin akwati, mu juya shi yadda madubin hange zai kalli wajen mariƙi, don idan an ɗauki akwatin nauyin bindiga kada ya hau madubin. Sannan mu bi shi da waya mai zafi, ɗan ciki da layin kaɗan, don soson ya riƙe abin da za a sa masa. Abin da ya fito daga ramin shi ake ce wa bushon. Siffar bindiga ce sak, baƙa, da gindinta da dogon bakinta, sai dai ba ta fi burodi nauyi ba. Mukan mayar da shi cikin ramin har a kai akwatin wurin mai shi, don kada soson ya lanƙwashe a hanya. Daga nan kuma ya zama shara.

Malam Isufu mutumin Damagaram ne, kuma shi ne shef, wato shugaban teburinmu. Shi ya koya mini riƙon waya. Ni ɗan Tawa ne, don haka kullum cikin tsokanata yake, wai mu ba mu iya yanka komai daidai ba sai albasa. Shi kaɗai ne a atiliye ba ya zubar da bushon. Ya daɗe yana neman takardun kawo matarsa Hadiza daga gida, kuma tun ranar da ya samu ɗaki a Vaulx-en-Velin ya fara tara bushon. Yakan kai gida ya yayyanka, ya cusa cikin rigar atamfa, ya ɗinke. Wai matasai yake haɗa wa Hadiza, don ba ta saba da kujera ba, a ƙasa take son zama. Madam ta sani, ba ta hana ba.

Satin da za ta zo, ba mu gane kansa ba. Mutumin da ba ya son magana in waya tana cikin soso, sai ga shi yana waƙa. Ya zo da hotonta, ya ɗora kan tebur, yana gwada faɗin kafaɗunta da yatsu don ya san girman manto, wato babbar rigar sanyi, da zai saya mata. Na ce masa mace ba akwati ba ce. Ya ce in yi shiru, tazarar yatsu biyu tana aiki a ko'ina. Ya tambayi Madam launin da ya dace, ya tambayi mai shara, ya tambayi direban da ke kawo mana soso, a ƙarshe ya sayi ja, wanda babu wanda ya ba shi shawararsa.

Akwai wani akwati na wani dattijo mai wasan harbi a Paris, wanda za a kai a gwada bindigar a ciki. Madam ta sa ranar kai shi ta zo daidai da ranar saukar Hadiza. Ta kira ni gefe ta ce in raka Malam Isufu, ni zan ɗauki akwatin, don hankalinsa ba ya jikinsa. Wata Alhamis ce cikin sanyin Nuwamba. Jirgin Hadiza zai biyo ta Kasablanka, ya sauka Roissy, filin jirgin Paris, bayan azahar. Ba ta taɓa shiga jirgi ba, ba ta jin Faransanci, wayarta kuma ba za ta yi aiki a nan ba. Abu ɗaya ya gaya mata, ya kuma maimaita: tana fitowa daga ƙofa za ta gan shi tsaye a gaba.

Mun hau jirgin ƙasa na safe daga tashar Part-Dieu ta Lyon. Ya yi aski, ya sa sabuwar hula, ya zuba turare har wata tsohuwa da ke kusa da mu ta canja wuri. Bai iya zama ba. Ya buɗe jakar manto ya duba, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya sa ni in yi kamar ni ce Hadiza don ya gwada gaisuwar da zai yi, na ƙi, ya ce dama mutanen Tawa ba su da taimako.

A shagon Paris aiki ya tafi lafiya. Mai shago ya kulle ƙofa, dattijon ya fito da bindigarsa, aka cire bushon, aka kwantar da ita. Ta zauna cikin ramin ba motsi. Mai shago ya rufe akwatin, ya tsayar da shi, ya girgiza, ba a ji komai ba. Dattijon ya yi murna, ya ba mu hannu, da ya ji labarin amarya sai ya aika aka sayo furanni ya ba Malam Isufu. Mai shago ya ɗauki bushon zai jefa cikin kwandon shara, Malam Isufu ya tare shi. Ya ce saura matashi ɗaya bai cika ba. Ya tura shi cikin babbar jakar manto, muka kama hanyar filin jirgi.

Mun isa da sauran lokaci. Muna shiga babban zauren jira, sai ya ce ba zai tarbi matarsa da jaka a hannu kamar ɗan kasuwa ba. Ya fito da manton ya rataya a kafaɗa, ya naɗe jakar ya ba ni, ya riƙe furanni a hannun hagu. Bushon kuwa ya soke shi a hammatar dama, bakinsa yana kallon gaba. Ina tsaye ina kallonsa, har na gyara masa hula. Idona bai ga komai ba sai soso. Mutumin da ya shafe shekara da shekaru yana taka irin wannan abu a ƙasan tebur, ya daina ganin siffarsa.

Muka nufi ƙofar masu sauka. Mutane suka fara darewa. Wata mata ta ja ɗanta, wani mai tura kaya ya saki kekensa ya yi gefe. Malam Isufu ya dube ni yana murmushi.

"Ka gani ko, ƙanena? Su ma sun san ango ne ke tafe."

Bai rufe baki ba muka ji tsawa. Sojoji ne masu sintiri, da nasu bindigogin na gaske, sun tsaya nesa kaɗan suna cewa a ajiye, a kwanta. Na juya baya ina neman wanda ake yi wa tsawar. Shi ma ya juya. Da ya juya, bakin bushon ya juya tare da shi, tsawar ta ƙaru. A nan ne na gani. Na ce masa da Hausa ya saki abin da ke hammatarsa. Ya ɗaga hannu, abin ya faɗi, ya yi tsalle a ƙasa ba ƙara, ya mirgina. Muka kwanta rubda ciki. Shi bai saki furannin ba, ya ɗaga su sama don kada su taɓa ƙasa.

Ba su zalunce mu ba, aikinsu suka yi. Ɗaya ya matso ya taka bushon da takalmi, ya ga ya lotse ya dawo. Ya sake takawa. Na ga kafaɗunsa suna rawa, amma bai yi dariya a fili ba. Suka miƙa mu ga 'yan sandan filin, aka kai mu wani ƙaramin ɗaki mai agogo a bango, aka karɓi takardunmu da wayoyinmu.

Wadda ta yi mana tambayoyi mace ce, shugabar masu gadin wannan ɓangaren. Ta ajiye bushon kan tebur ta ce mene ne wannan. Muka yi bayanin aikinmu tun daga kwali har waya mai zafi. Ta ce ta gane, amma me ya kawo shi filin jirgi. Malam Isufu ya ce matashi ne. Ta ce wane irin matashi. Ya ce na matarsa, saura ɗaya bai cika ba, kuma matar tana cikin jirgin da ke sauka yanzu, ba ta san kowa ba a ƙasar nan sai shi. Ta dube shi, ta dubi jan manton, ta dubi furannin. Ta ce dole sai ta tabbatar, ta fita da lambar atiliye.

Wannan zaman shi ne mai wuya. Wayar atiliye tana ofis, Madam kuwa in tana wajen injin ba ta ji. Agogo yana tafiya, muna jin ana shelar jirage ta bango. Da aka ambaci na Kasablanka, ya miƙe, ɗan sandan da ke ƙofa ya ce ya zauna. Ya zauna. Duk waƙar satin nan ta tafi. Ya ce mini a hankali, ya gaya mata za ta gan shi a gaba, kuma tun da ya aure ta abin da take yi ke nan, jira.

Can sai ga shugabar ta dawo tana cije leɓe. Ta samu Madam. Ta ce Madam ta tabbatar da komai, ta kuma ce a gaya wa Isufu in ya dawo za ta yanka shi da waya mai zafi, ɗan ciki da layi. Ta mayar mana da takardunmu, ta ce mu tafi, amma abin nan ba zai fita daga ɗakin da wannan siffa ba. Ko a bar shi, ko a lalata shi. Ni na riga na kai ƙofa. Shi kuwa ya tsaya ya ce a datse masa, zai tafi da shi. Ta ɗauko almakashin ofis ta fara gutsura. Ya kasa jurewa. Yana ƙafa ɗaya a waje, ya dawo ya nuna mata inda za ta kama, ya ce ta daina matse soson, in an matse shi yankan yakan karkace. Ta bi yadda ya ce. Ya duba bakin yankan, ya ce ba laifi ga mai koyo. A nan ɗan sandan ƙofa ya kasa riƙe dariyarsa. Muka zuba guntayen cikin jaka, shugabar ta ce mu biyo ta, ta bi da mu ta wata gajeriyar hanya da gudu-gudu.

Mutanen jirgin duk sun watse. A gefen ƙofa muka hango wata mata zaune kan akwatinta, ta lulluɓa da mayafi mara kauri, ta harɗe hannuwa saboda sanyi. Kusa da ita wata Hajiya 'yar Maraɗi ce da suka haɗu a jirgi, wadda ta ƙi tafiya ta bar ta, ɗanta yana tsaye yana duba agogo. Gaisuwar da Malam Isufu ya yi ta gwadawa a jirgin ƙasa duk ta gudu. Ya tsaya gabanta, ya yafa mata manton. Ya yi mata daidai.

Hajiyar ce ta fara magana, ta wanke shi tas, wai wane irin miji ne wannan. Hadiza kuwa ta dube shi daga hula har takalmi.

"Malam, me ya samu gwiwoyin wandonka?"

Ya ce labarin dogo ne, zai ba ta a hanya. Bai samu ya ba ta ba. Jirgin ƙasa na Lyon yana tashi barci ya ɗauke ta. Ya ɗauko jakar guntayen soson ya sa mata tsakanin kanta da taga. Har muka isa, lokaci lokaci yakan dube ni ya nuna jakar da haɓa, wai in ga amfaninta.

Washegari Madam ta tara mu, ta kafa dokar: in ba cikin akwati yake ba, bushon ba ya ƙetare ƙofar atiliye ko ƙofar shago sai an datse shi yadda ba mai gane abin da yake. Malam Isufu ne ya fi kowa tsananta ta. Yakan ce wa sababbi, kafin ka fita da abu, ka dube shi da idon wanda bai taɓa shiga nan ba. Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Hannu yana ƙwarewa, ido kuma yana sabawa, sabon idon nan shi ne haɗarin aikinmu. Mu siffa muke gani, mutanen waje bindiga suke gani, kuma tsoronsu na gaskiya ne.

Bara da muka je gaisuwar rasuwa a Vaulx-en-Velin, falon ya cika, aka ba ni matashi na zauna a ƙasa. Ana cikin addu'a na ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin cinyata. Na shafa ta saman atamfar. Gindin bindigar dattijon Paris ne, da karkataccen yankan almakashi a gefe ɗaya. Na rufe fuska da hannu. Mutane suka ɗauka kuka nake, kuma rabi kukan ne. Da zan tafi, Hadiza ta leƙo daga ƙofar ɗaki ta ce, "Malam Sani, kai ma ka gane shi ko?" Na ce na gane. Ta ce wannan ba ta cika ba baƙi shi ba, ni dai ta ba ni da gangan.