Igiyar da Lawwali Ya Riƙe

Shekara goma sha ɗaya teburina na batir da tocila yana manne da na Lawwali mai gyaran agogo a kasuwar Gusau, don haka ba wanda zai ba ni labarinsa. Ɗan Kucheri ne. Ciwon ƙirji ya raba shi da noma, ya shigo birni da ɗan gilashin nan da ake maƙalawa a ido. Dogo ne, baƙi, ga murya kamar daga cikin rijiya, amma ko kaza ba ya iya yankawa.

A 1998 wasu masu wasan kwaikwayo suka saka shi a shirinsu na talabijin, Mai Baƙin Rawani. Shi ne jarumin, ɗan bincike mai baiwa: in ya riƙe abu ya rufe ido, sai ya ga wanda ya yi ɓarna da shi. A ɓoye yake aikinsa. A idon jama'a mai gyaran agogo ne, kowa ya tambaye shi sai ya musanta. Don tsabar ganda, a teburinsa na gaske suka riƙa ɗaukar shirin. Na ce, "Lawwali, abin nan bai kwanta mini ba." Ya yi dariya, wai hassada ce ke cina.

Shiri ya karɓu har Tsafe da Bungudu. Wata Litinin da hantsi sai ga wani makiyayi mai suna Bawa daga rugagen bayan Bungudu. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ajiye guntuwar igiya a kan teburin. Ya ce an yanke ta, an kore masa shanu tara.

Lawwali ya ce, "Baba, wasa ne fa muke yi."

Bawa ya ce, "Na sani, Malam. Haka kake ce ma kowa."

Lawwali ya rantse, na taya shi rantsuwa, a banza. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, mutumin nan yana tsugune, jama'a suka fara taruwa. Don dai ya rabu da shi, Lawwali ya ɗauki igiyar, ya rufe ido, ya faɗi maganar da ya haddace ta shirin mako mai zuwa: "Wanda ya yanke ta, kwano ɗaya kuke ci."

Bawa ya ƙura wa igiyar ido. Can ya ce, "Tun da mahaifinmu ya rasu, da ƙanena Mu'azu kaɗai nake ci." Ya naɗe igiyarsa, ya gyara takobi a kafaɗa, ya yi godiya, ya shige cikin mutane.

Na ce, "Tashi, sakarai, ka jawo wa wani mutuwa!" Muka ruga tasha, motar Bungudu ta riga ta tashi. Kwana uku muna kan baburan kabu-kabu daga ruga zuwa ruga. To Bawa nawa ne a dajin nan? Kuma wa zai nuna wa baƙi biyu 'yan birni gidan ɗan'uwansa? Kowa sai ya ba mu nono ya ce bai san shi ba.

Lawwali ya mayar wa masu shirin rawaninsu. Ya rame, agogunan mutane suka taru bai iya buɗe ko ɗaya ba. Duk inuwar da ta faɗo kan teburinsa sai ya zabura. Ni kam haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya hana ni faɗa.

Bayan sati uku Bawa ya dawo, janye da farin rago. Ya ɗaure shi a ƙafar teburin, ya durƙusa kamar wancan karon.

Lawwali ya ce, "An ga shanun?"

"Ba a gani ba."

"Ina Mu'azu?"

Bawa ya dubi ƙasa, ya goge ido da bakin rigarsa.

"Har ƙarshe yana rantsuwa ba shi ba ne, Malam. Na so in yarda da shi. Amma ai kai ka gani."