Jan Gashin Ɗiyar Baffa

A Maijirgi, dangar kara ce kawai ta raba gidanmu da na baffa, ƙanen babanmu. Ƙanena da ɗiyar baffa cikin mako ɗaya aka haife su, har ana ce musu tagwaye. Babanmu na da amalanken jaki, yana dakon kaya ranar kasuwa, saboda haka ko rumbu ya yi ƙasa ba mu rasa nono a fura. Baffa kuwa gona kaɗai gare shi, in gero ya ƙare sai jiran kaka.

Daminar da suka shekara biyu, gashin yarinyar ya fara ja kamar gemun masara. Abin ya ba ni sha'awa. Na shafa lalle a kaina, na zauna cikin rana, nawa bai sauya ba. Na iske innarmu tana tuƙa tuwo.

"Inna, mi matar Baffa ke shafa wa ɗiyarta a kai? Ni ma ina so."

Ta aje muciya. "Ke, kada in ƙara jin wanga zance a bakinki. Ba shafawa aka yi ba, abin da ba ta ci ba ne."

Ban gane ba. Ta yaya abin da bai shiga ciki ba zai fito a kai? Sai na shiga lura. Ƙanena na cin wake da mai, yana bin kaji da gudu. Ita tana zaune bisa tabarma, ƙafafu a kumbure, kunu tsararo a gabanta, ko ƙuda ba ta kora.

Da zawo ya kama ta, babanmu ya bar kasuwa, ya ɗora ta da uwarta a amalanke zuwa gidan likita a Tasawa. Sun daɗe can. Da suka dawo, inna ta kai akuyarmu mai nono ta ɗaure a gidan baffa, wai turkenmu ya cika. Awaki biyu kawai gare mu.

Bayan kaka na roƙa a bar ni in yi wa yarinyar kitso. Ina tsaga gashin na ga gindinsa baƙi ƙirin, jan ya koma can baki. Na kira uwarta. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko aska.

"Riƙe mani kanta," ta ce.

Yarinyar ta yi ta tsala ihu tana harbin iska, har ta gantsara mani cizo a hannu. Uwar ta fashe da dariya.

"Yi haƙuri, ɗiyata. Ƙarfi ne ya dawo."