Ranar da Ramatu Ta Ƙi Tuƙi da Ido

Filinge

Na bar gida kafin kiran asuba, bayan na koma na sake taɓa kwaɗon shagon ɗinkina, ko da yake na san na kulle. Ɗiyata Ramatu tana koyon tuƙin jirgin sama a Yamai, ranar nan za a yi mata jarrabawa. Ta faɗi sau ɗaya. In ta sake faɗuwa, sallamarta za a yi. Uwarta ta ɗaura mata dakuwa a leda ta ba ni in kai mata, ni kuwa ko ruwa na kasa sha.

Bonkuku zuwa Baleyara

A shingen jandarma na Bonkuku na miƙa katin shaidata tun ba a tambaya ba. Muna wucewa hadari ya taso daga gabas, ruwa ya sauko har ba a ganin bakin mota. Na ce wa direbanmu Idi ya tsaya.

Ya ce, "Baba tela, hanyar ga ko ido rufe ina bin ta. Kai dai riƙe dakuwarka."

Bai gama dariya ba muka zame cikin rami. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, amma da taɓo har gwiwa muka turo motar. A Baleyara na wanke wandona, na ci kopto, wato dafaffen zogale, kaɗan don kada jiri ya kwashe ni.

Yamai

Na zaci jirgi zan gani. Ashe ɗaki ne, cikinsa an ƙera kan jirgi da kujera da sitiyari, tagoginsa allon talabijin. Suna ce masa similatar. An bar iyaye su zauna a baya, da sharaɗin shiru.

Ramatu ta taɓa bayyana mini cewa tuƙi iri biyu ne. Akwai na ido, inda matuƙi ke bin hanya da tsauni da gari. Akwai na agogo, inda yake dogara da agogunan gabansa da muryar masu ba da hanya. Na agogon ne ya kayar da ita wancan karo.

Malamin da ke jarraba ta ya ce, "Yamai zuwa Tawa, ta kan Filinge. Nan sarari ne, amma bayan Baleyara gajimare ya sauko ƙasa. Wanne kika zaɓa?"

Zuciyata ta ce: ido, Ramatu, ido. Ƙasarku ce, kin san kwarin, kin san kowane dutse. Sai na dubi bakin wandona da bai bushe ba.

Ta ce, "Na agogo, Malam."

"Wanda ya kayar da ke? Ga hanyar gidanku shimfiɗe."

"Hanyar na sani, Malam. Gajimaren ne bai san ni ba."

Ta tashi. Na ga kogi, na ga kwalta, sannan tagogin suka yi fari fat. Ɗakin bai motsa ba, amma na riƙe benci da hannu biyu. Ita ko kai ba ta ɗaga ba. Idonta na kan agogo, tana amsa rediyo da murya irin ta uwarta in tana auna hatsi. Na karanta duk abin da na haddace, na sake daga farko. Can farin ya tsage, sai ga filin sauka tsaf a gabanta.

Malamin ya cire abin kunnensa ya juyo. "Kai ne mahaifinta? Saki bencin, Baba, mun sauka. Ta ci."

Na kwana wajen ƙanena a Yamai, kuma rabona da barci irin wannan tun ranar da ta shiga makarantar.

Komawa

Motar Idi na sake samu. Da hadari ya haɗu kusa da Bonkuku na ce ya tsaya, ya kuwa tsaya, yana gunaguni wai uban matuƙiya ya fi jandarma tsanani. Ban musa masa ba.

Na isa gida bayan la'asar. Uwar Ramatu ta tare ni a zaure. "To, da ta bi ta kan Filinge, ta hango gidanmu?"

Na ce, "Ko leƙowa ba ta yi ba. Shi ya sa ta ci."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya maido ni, da ƙanena da ya sauke ni, har da Idi. Kwaɗon shago ma na tarar da shi a kulle.