Goggo Sista da Layin Taga Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Goggo ta yi a bakin ƙofar asibiti, a kan wani tebur da ake tokare ƙafarsa da kwali, tana tantance marasa lafiya kafin su ga likita. Aikinta ke nan, ta dubi mutum ta san ko na yanzu ne ko na anjima. Mai ihu ta ce ya samu wuri ya zauna, wanda ya yi shiru yana zufa ta sa a shige da shi. Ƙanwar babana ce, amma har mu na gida Goggo Sista muke ce mata, kamar yadda unguwa ta saba.

Ba ta cika shekara da ritaya ba mijinta ya rasu, ya bar mata gida da bas mai kujera goma sha huɗu. Dangi suka ce ta sayar da motar. Ta ce to, ta ji. Sati na zagayowa ta shiga makarantar koyon tuƙi, tana da shekara hamsin da tara. Da lasisi ya fito sai ta nemi aikin kai yara makaranta da ɗauko su, aka ba ta, da sharaɗi ɗaya.

"Ranar Litinin ki zo da takardun mota, da sunanki a kai," in ji shugabar makarantar yaran. "In babu, Sista, akwai mai jira. Ba yadda zan yi."

Ofishin takardun mota taga huɗu gare shi: ta karɓar takardu, ta tantance hoto, ta duba mota, ta hatimi. Ma'aikaci kuwa ɗaya ne. Ɗaya ya yi ritaya, ɗaya an yi masa canjin wurin aiki, ɗaya ta tafi haihuwa, ba a kawo kowa a madadinsu ba. Wanda ya rage yakan ɗauki kujerarsa daga wannan taga zuwa waccan, layi ya bi shi duuu, na gaba ya koma baya, a yi ta cacar baki. Direbobi sun sa masa suna Taga Huɗu, har yana amsawa.

Ranar Talata Goggo ba ta kai gabansa ba aka tashi. Ranar Laraba ta kai. Ya buɗe takardun, ya leƙa waje.

"Mama, wace ce motarki?"

"Ga ta can, rawayar nan."

"Takarda ta ce fara."

"Da fara ce. Marigayi ya gaji da ɓatan ta cikin fararen motoci a tasha, ya sa aka yi mata fenti."

"Ya zo ya faɗa mana?"

"Ni ma da ke gidansa bai faɗa mini ba, gani kawai na yi."

Taga Huɗu ya murza idanunsa. "To sai mai duba mota ya fita ya gan ta, ya karanta lambar inji, ya gyara launi. Sannan a sa sunanki."

"Ina mai duba motar?"

"Ni ne."

"To tashi mu je mana, ɗana."

"Ba ni da izinin barin taga sai layi ya ƙare. Layin nan kuwa, Mama, tun da aka bar ni ni kaɗai ban taɓa ganin ƙarshensa ba. Kuma Juma'a ba a duba mota."

Wato gobe Alhamis kaɗai ta rage mata.

Da wani ne, da ya tafi gida ya kwanta. Goggo benci ta koma ta zauna, ta zuba ido har aka tashi. Abin da ta gani kuwa ta san shi sarai. Cikin mutum goma da suka kai gaban taga, shida korar su ake yi: wannan ba hoto, wancan bai sa hannu ba, wani ya bar inshora a gida. Kowanne sai ya yi minti biyar yana roƙo kafin ya matsa. Da Taga Huɗu ya zo rufewa, ta miƙa masa biro.

"Rubuta mini abin da kowace taga ke so."

"Me za ki yi da shi?"

"Kai dai rubuta."

Ƙarfe bakwai na safen Alhamis tana bakin ƙofa, da tsohon agogonta na asibiti maƙale a ƙirji, da katuna da ta yanka daga kwalin sabulu, kore da ja. Kowa ya iso ta miƙa hannu.

"Mu ga takardunka."

Wani ƙaton direban tifa ya rungume nasa. "Hajiya, wa ya naɗa ki?"

"Ba wanda ya naɗa ni. Yau kwananka nawa a nan?"

"Biyar."

"Kana son na shida?"

Ya miƙa. Ta duba sau ɗaya. "Ba ka sa hannu a shafi na biyu ba. Da sai sha biyun rana za ka ji wannan labari. Ga biro."

Mai Tifa ya sa hannu, ya karɓi koren kati mai lamba ɗaya, ya jujjuya shi. Daga nan ya zama ɗan sandan layi ba wanda ya roƙe shi.

Wani mai babur ya kawo hoto. Goggo ta dubi hoton, ta dubi kansa.

"Wannan ƙanenka ne?"

"Ni ne, Mama."

"Lokacin kana da gashi. Ga mai hoto can tsallaken titi, je ka dawo, na riƙe maka lambarka."

"Ka ce ya zana maka gashin," in ji Mai Tifa, benci ya ɗauki dariya.

Masu jan kati suka bazu neman abin da ya rage musu. Masu kore ta raba su gida huɗu, kowa gaban tagarsa. Da Taga Huɗu ya buɗe ƙarfe takwas, ya tarar da mutane zaune shiru, takardu a jere, kowanne an buɗe shi a shafin da zai duba.

"Gama da taga ɗaya tukuna, sannan ka ɗaga kujerar nan," in ji Goggo. "Yawo da ita ke cinye maka rana."

"Mama, kin taɓa aikin gwamnati ne?"

"Tun kana rarrafe."

Hatimi ya fara sauka kamar ana daka. Wajen sha ɗaya wani mai babbar riga ya shigo da makullin mota a yatsa, ya wuce kai tsaye gaban taga, wai sauri yake yi. Goggo ta tare shi da kati.

"Ranka ya daɗe, jini kake zubarwa?"

"A'a."

"Numfashi fa, yana fita?"

"Lafiya lau nake."

"To alhamdu lillahi. Lamba arba'in da bakwai."

Ya waiwaya neman mai goya masa baya, ya ci karo da ƙirjin Mai Tifa, wanda ya gama nasa tun tara amma ya ƙi tafiya. Mai babbar rigar ya nemi wuri ya zauna.

Ita kanta ba ta ɗauki lamba ba, don nata ba ya yiwuwa sai kowa ya gama. Duk wanda ya shigo sabo, nata ne ya ƙara nisa, amma haka take duba masa takardu ta ba shi kati. Da ƙarfe uku ta yi, mutum tara suka rage, ofis kuma huɗu yake rufewa. Ta riƙa duban agogon ƙirjinta. Sai uku da rabi mai babur ya dawo, ya sha jira wurin mai hoto, da sabon hoto, kansa na ƙyalli a ciki. Shi ne na ƙarshe.

Taga Huɗu ya buga masa hatimi, ya ce "Na gaba," bai ɗago ba. Shiru. Ya ɗago ya ga benci wayam. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe shuɗi ne bencin nan," in ji shi.

"Taso, ɗana. Saura minti ashirin."

Ya fito da allonsa yana ƙifta ido a rana. Lambar injin ta ɓace cikin baƙin mai, Mai Tifa ya tuɓe hularsa ya goge ta da ita, ya karanto da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Ta yi daidai. Taga Huɗu ya zagaya motar, ya soke "fara", ya rubuta "rawaya". Suka koma ciki, ya ɗauki kujerarsa zuwa taga ta huɗu, ya rubuta sunan Goggo inda na marigayi yake. Huɗu saura minti uku hatimi ya sauka.

Ta karɓi takardar ta hura tawadar, ta daɗe tana duban sunan. Sannan ta tattara katunanta za ta zuba a jaka.

"Mama, ki bar mini su mana."

Ta ajiye masa a kan taga. "Koren ya fi saurin yagewa. Ka nemi kwalin sabulu, ya fi ƙwari."

Ranar Litinin ƙarfe shida da rabi rawayar bas ta tsaya a ƙofar makaranta. Shugabar ta karanta takardun daga sama har ƙasa, ta miƙa mata jerin sunayen yara. Har yau Goggo ke kai su. Kafin kowane yaro ya hau sai ta dube shi sau ɗaya, kuma sau biyu ke nan tana mayar da wani yaro gida da saƙon a kai shi asibiti, tun uwarsa ba ta lura da zazzaɓin ba.