Harajin Motar Baba

Jama'a, yau na yi kuka a bakin titi kamar yaro, wallahi!

Ina dawowa daga Argungu da motar Baba, Allah ya jiƙan shi. Wajen Ambursa masu duba takardu suka tare ni. Wani dattijo cikinsu ya leƙo.

"Samari, an biya harajin bana?"

Ni ban taɓa biya ba. Duk shekara Baba ke zuwa ya sabunta, da ya sayar da shinkafa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Mai motar ya rasu watan jiya."

Ya ce in duba aljihun gaban mota. Sai ga ambulan. Ya buɗe, ya dube ni.

"Kai ne Nasiru? Ai an biya. An ma mai da motar sunanka."

Na karɓa, na duba kwanan wata. Inna lillahi! Ranar nan ce Baba ya ce in raka shi ofishin haraji a Birnin Kebbi. Na ce aiki ya yi mani yawa. Ya tafi shi kaɗai, da ciwon nan nashi.

Dattijon ya ce, "Allah ya gafarta mashi. Wuce."

Na kasa tada motar.